Tafasar Motar Malam Datti

Na daɗe ina facin taya a bakin titin Unguwar Kanawa, na ga masu zargi iri-iri, amma ban taɓa ganin na biyun Malam Datti ba. Mutumin nan in ka ce masa sannu da zuwa, sai ya tsaya tunanin wa ya gaya maka zai zo. In mai shayi ya cika masa kofi, ya ce akwai dalili. In ya rage, ya ce da ma ya sani. Ko tayar da na liƙe masa sai ya tsoma ta a ruwa da hannunsa, ya ƙura mata ido kamar mai duban wata.

Tsohuwar Fijo 404 gare shi, a-kori-kura, da ita yake ɗauko tumatir da tattasai daga Rigachikun zuwa kasuwannin cikin gari. Ita ce gonarsa, ita ce shagonsa. Kullum zancensa guda ne, a gida da waje: an sa wa motar nan ido, 'yan tasha na baƙin ciki, wata rana sai sun sa mata hannu. Ba mai taɓa ta sai Bawa mai gyaran lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, wanda rumfarsa ke manne da tawa. Tare suka taso a Zariya, tare suka shigo Kaduna neman abinci, Bawa ne ma abokin ango ran da Datti ya auri Safara'u. Duk duniya shi kaɗai Datti ke bar wa mota a buɗe ya tafi masallaci. To wannan amincin ne motar ta cinye, ina ji ina gani.

Da bazarar shekarar tamanin da bakwai motar ta fara tafasa. Kafin ta iso Kawo tururi ya turnuƙe gilas. Bawa ya bi ta tiryan-tiryan. Fambel, wato bel ɗin fanka, a ɗaure yake. Ya canza murfi, ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, babu tsaga. Wata-famfo mai juya ruwan inji ba ya kuka, ba ya yoyo. Ya tada inji ya leƙa ko ruwa na kumfa, ya duba baƙin mai ko ya koma kamar madara, duk lafiya, gasket ɗin kan inji bai ƙone ba. Sai ya kwance lagireton, ya narkar da dalma, ya buɗe samansa. Wata jar laka ce mai kauri ta toshe hanyoyin ruwa. Ya zura waya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya liƙe.

Ba a jima ba ta dawo tana huci. Aka sake wankewa, ta sake dawowa. Datti ya daina zuwa masallaci in ana gyara, sai ya jawo benci ya zauna yana bin hannun Bawa da kallo.

Rannan Bawa ya lakato lakar nan, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya yafito ni. "Alhassan, zo ka ji. Tsatsa ce wannan?" Na shinshina. Warin sassaƙe ne ƙarara, ga kanwa-kanwa a baki.

Ya juya wurin Datti. "Wane ruwa kake ba ta?"

"Ruwan famfon gidana. A jarkata, a ƙarƙashin gadona take kwana. Me kake nufi?"

"Ba komai," in ji Bawa.

Ashe komai ne. Bawa ya tura matarsa Asabe ta bugi cikin Safara'u, magana ta fito. Baiwar Allah ta gaji da jin mijinta na cewa za a yi wa mota sammu, tsoro ya kama ta, don in mota ta tsaya tukunya ta tsaya. Sai ta sami wani mai magani ya haɗa mata sassaƙen kariya, a jiƙa da kanwa. Ita ke tacewa tana ƙarawa a jarkar. Jarka ta ƙarfe ce baƙa, shi kuma da sassafe yake ɗurawa, ina zai gani? Da ta ji ɓarnar da ta yi, ta ɗora hannu a ka tana salati. Daga ranar ta daina.

Sai dai aikin gama ya gama, kanwa ta riga ta ci kan inji ta ciki. Wata Laraba gasket ya ƙone a Rigachikun, mota cike da kaya, tumatir ya wuni a rana ya zama miya. Makanikin da ya buɗe injin a can ya ce, "Malam, wannan ai wani abu aka daɗe ana zuba mata."

Datti ya iso rumfarmu idonsa jawur, mutane cike. Ko sallama babu.

"Bawa, ashe kai ne! Ɓarawon gida ya fi na waje. Ka zuba, ka wanke, ka zuba, ka wanke, ina ta sa maka albarka! Wa ya taɓa buɗe murfin nan in ba ni da kai ba?"

Bawa yana riƙe da ƙarfen liƙi. Ya ajiye shi a hankali. "Datti, ban cuce ka ba. Allah ne shaida."

"To wane ne? Faɗi!"

Na buɗe baki, Bawa ya taka min ƙafa, har yau ina jin zafin takun nan. Datti ya yi Allah ya isa ya wuce.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce, "Haba Yaya Bawa! Ana yanka ka da ranka kana miƙa wuya? Kalma ɗaya ce fa!"

Ya ce, "Ka san Datti. In ya ji daga ƙarƙashin gadonsa abin ya fito, ba zai ce tsoro ne ya sa ta ba, cewa zai yi kashe shi take nema. Yau ɗin nan za ta koma gidansu da 'ya'ya riƙi-riƙi. Ni ina da rumfa. Ita ina za ta?"

Kuma rumfar ma ta taɓu. Datti ya bi tasha-tasha yana ba da labari, wasu direbobi suka janye. Bawa bai taɓa ramawa ba. In Fijon ta wuce yakan bi ƙarar da kunne, ya ce, "Fambel ɗinsa ya saki," ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na daina yi wa Datti faci, na ce ya kai wa wanda ya yarda da shi, in akwai.

Shekaru suka ja. Cikin casa'in da biyar ciwon ƙirji ya kwantar da Bawa, hayaƙin dalma ya gama da huhunsa. Safara'u ta kasa daurewa. Ta durƙusa gaban mijinta tana kuka, ta kwashe komai ta gaya masa, ta ce, "Malam, ka sake ni in ka ga dama, amma don girman Allah ka je ka gaida bawan Allahn nan kafin ƙasa ta rufe ido."

Bai sake ta ba, ko tsawa bai yi mata ba. Kallon ta ya yi ya girgiza kai. "Ikon Allah. Yana kwance ma bai bar makirci ba? Asabe ce ta kitsa miki wannan, ko shi ya aiko?"

Bai je ba. Ran jana'iza dai ya zo, ya tsaya a sahun ƙarshe. Da muka dawo daga maƙabarta ya jawo ni gefe, idonsa taf da hawaye, wallahi hawaye na gaske. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau dai Allah Ya ganar da shi.

Ya riƙe hannuna, ya rage murya.

"Alhassan, kai ne a kansa da zai cika. Ni na yafe masa. Amma tsakaninka da Allah, ya amsa laifinsa?"