Sunan Yaya Usman a Bakina

Ni ne na yi kuskure, kuma na daɗe da sanin haka. Bakina ne ya jawo wa yayana Usman abin da ya same shi.

Muna yara a Umdurman ta ƙasar Sudan, a shekarun da sojoji suka hana fitar dare, kakarmu da muke kira Habboba takan tara mu a tsakar gida bayan isha. Yawanci an ɗauke wuta, sai garwashin da take dafa gahawa a kai. Idan motar soja ta shigo lungu sai ta yi shiru, mu ma mu riƙe numfashi har ƙarar ta ɓace. Dokarta guda ce: ba a kiran sunan mutum da ƙarfi bayan duhu. Usman, da ke karatun likita a lokacin, ko shi sai dai ta ce, "Kai mai littafi, rage fitilar nan."

Tatsuniyar da ta fi razana ni ita ce ta makahon dodon kogi. "Ba ya gani, ba ya jin wari," in ji ta. "Suna kawai yake jira." Akwai wani masunci gwani da ƙanwarsa ke ji da shi. Wata yamma wani tsoho mai fara'a ya same ta a bakin ruwa, ya yaba kifin kwandonta, ya tambayi wanda ya kamo. Ta faɗi sunan yayanta, ta jero na abokan kwalekwalensa ba a ma tambaye ta ba. Da safe kwalekwalen ya dawo ba kowa a ciki.

"Habboba, sai aka yi yaya?"

"Shi ke nan. Je ka kwanta."

Usman ya zama likitan ƙwaƙwalwa, yana bincike kan farfaɗiya, ciwon da nake fama da shi tun ina ƙarami. Rubuce-rubucensa suka fara fitowa a mujallun likitoci na waje, shi da wasu abokan aiki na ƙasashe daban-daban, masu bincike kuma suna ambaton aikinsa a cikin nasu. Ni kuwa tela ne a kasuwa. Ya taɓa nuna mini shafi ɗaya, ban iya karanta komai ba sai sunan babanmu.

Wata rana wajen mai shayi a kasuwar Suk al-Shabi ina ta cika baki da aikin Usman. Wani mutum da ban sani ba ya jawo kujera.

"Ya zol, bawan Allah, ashe ɗan'uwanka babba ne. Da su wa yake aiki?"

Na faɗi duk sunayen da na taɓa ji a gida. Don zancen ya ƙara armashi na ce har hotunan ƙwaƙwalwar mutanenmu yake aika musu. Wannan ƙarya ce, ni na ƙirƙira.

Ba a jima ba jami'an tsaro suka ɗauke shi daga asibiti, da kwamfutarsa. Watanni muna kwana da kunne a ƙofa, ba wanda ya san inda yake. Da ya dawo hannunsa na dama yana rawa. Shi da kansa ya roƙi abokan aikin su cire sunansa daga binciken da bai fito ba, bai kuma sake rubuta wani ba.

Ina yaro dodon nake tsoro. Sai da na girma na gane yarinyar ce ya kamata ta tsorata ni, domin tana son yayanta, ni ma haka.

Shekaru na yi shiru, ina tsoron ranar da zai gano, shi kuwa bai fasa duba ni ba. Wata rana yana rubuta mini magani, biron yana karkarwa a hannunsa, na ce, "Yaya, ni ne na ba su sunayen. Na kuma yi maka ƙarya a kai. Ba wanda ya tilasta ni. Don Allah ka yafe mini."