Ƙotar Wuƙar da Ta Fitar da Ni daga Maƙerar Babanmu

Shekarun baya, tun furfura ba ta san hanyar kaina ba, na bar maƙerar mahaifina a Tanut saboda ƙotar wuƙa. Ba a kan rabon gado muka saɓa da yayana ba, ba a kan mace ba. Ɗan icen nan da ake riƙewa, wanda bai wuce tsawon tafin hannu ba, shi ya raba ni da wurin da na tashi.

Gidanmu maƙera ne, kuma an san mu da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, irin wadda makiyayi ke yanke igiya da ita, ya gyara takalmi, ya yanka akuya in ta kama. Yayana shi ne gwanin ƙarfe, wannan ban taɓa musu ba. Ni ƙota mahaifinmu ya damƙa mini. Icen aduwa nake sassaƙawa, in bi shi da magagari, in kankare da fasasshiyar kwalba, amma ba na bari ya yi sumul. Sai in sa tsinken ƙarfe a wuta in ja masa layuka a gicciye inda yatsu ke kwanciya, in shafa man gyaɗa, in ajiye a inuwa kwana uku ice ya sha. Ƙotar takan fito baƙi-baƙi, ba kyan gani, amma in ka damƙe ta sai ka ji ta zauna a hannu.

Bayan rasuwar mahaifinmu yayana ya tafi Libiya. Ya dawo da ɗan injin gogewa da gwangwanayen wani mai da ake shafa wa katako, wai shi berni. Ranar da ya fara gwadawa ni ma sai da na saki baki. Icen aduwar nan ya koma ruwan zuma, zanen cikinsa ya fito, yana ɗaukar ido. Na karɓa na juya a hannu, sai na ji santsi kamar sabulu.

Muka kai kasuwar Belbeji, nasa a gefe, nawa a gefe. Kafin azahar nasa sun ƙare tas. Ni kuwa na wuni ina yi wa mutane wa'azin ƙota, suna gyaɗa kai suna miƙa hannu wajen mai ƙyalli. Guda biyu na sayar, ɗaya ma tausayina mutumin ya ji.

Da muka dawo yayana ya ce, “To, ka gani da idonka. Daga yau duk ƙotar da za ta fita daga maƙerar nan sai an goge an shafa.”

Na ce, “Yaya, masu sayen nan bakin rijiya suke wuni. Hannu a jiƙe, ga gumi, ga man shanu. Wannan abin zamewa zai yi.”

“Sun ce maka ya zame?”

“Ba su ce ba tukuna.”

“To in ba za ka shafa ba, ka nemi inda za ka zauna. Ni ne babba a nan.”

Maganar ta kai kunnen mahaifiyarmu. Da la'asar ta kira mu tsakar gida, muka tarar tana yankan ɗanyar kuɓewa za ta shanya, hannunta duk yauƙi. Matan gidan suna nan, kowacce ta yi kamar tana wani aiki. Ta ce mu ba ta wuƙaƙen. Ta fara da ta yayana. Ina kallo ƙotar ta juya mata a hannu, ta gyara riƙo, ta sake juyawa, har ta goge tafinta a zane. Ta ɗauki tawa, ta yanka kuɓewa ta kai goma ba ta ko duba hannunta ba. Ni har na fara gyara zama irin na wanda ya yi nasara.

Sai ta ajiye, ba ta kalli kowa ba, ta ce, “Ta yayanka ta fi.”

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na jira kowa ya watse, na bi ta ɗaki.

“Inna, kin fa ji yadda ta zame miki.”

“Na ji mana, ai hannuna ne. Amma so kake in kayar da babba a gaban matarsa da ƙannensa? Ɗan auta, ka shafa abin nan a zauna lafiya. Me zai rage ka da shi?”

Na ce, “Inna, ki sa ni kowane aiki zan yi. Amma ba zan miƙa wa mutum abin da na san zai yanke masa yatsa ba, ina yi masa murmushi.”

Ta ce taurin kan nan ta san inda na gado shi. Ba ta sa mini albarka a kan tafiyar ba, ba ta kuma hana ni ba.

Na ɗauki magagarina da tsinkena na bar wa yayana uwar maƙera, wato ƙarfen da babanmu da kakanmu suka yi ƙira a kansa. Wannan shi ya fi yi mini ciwo. Na koma wajen Tarka, na kafa 'yar rumfa kusa da wata rijiyar makiyaya, na sami guntun ƙarfen babbar mota ina dukan ƙira a kai. A nan na gane ashe ƙota kaɗai na iya. Wuƙaƙena na fari, in ka naɗe su sai sun ga dama suke buɗewa. Matata ta ce ƙotar dai ta sarauta ce, saura mu sami wuƙar da za a sa mata. Mun sha fura ba nono a watannin nan.

Wata safiya wani dattijon makiyayi ya tsugunna gaban rumfata, yatsansa ɗaure da tsumma. Ya zaro wuƙa daga aljihu, tana ta ƙyalli. Tun kafin ya buɗe na san ƙirar yayana ce.

Ya ce, “Maƙeri, ƙarfen nan ba shi da laifi, yana ci. Amma cire mini wannan santsin. Jiya ina yanke igiyar guga ya kusa tafiya da yatsana.”

Na karɓa da hannu biyu. Na kankare bernin nan tas, na ja layuka, na shafa mai. Allah ya yafe mini, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Bayan kwana uku ya dawo ya karɓa, ya tsoma hannu a ruwa, ya damƙa, ya yi dariya. Sati bai cika ba ya turo mini mutum huɗu. Kafin damina sana'ata ta koma haka: su saya wajen yayana don ta yi musu kyau a kasuwa, su kawo mini in kankare.

Labari ya kai masa. Ya zo a kan babur, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

“Ashe aikina kake lalatawa a nan?”

Na ce, “Yaya, sannu da hanya. Ƙarfenka ban taɓa shi ba, babu mai ƙira kamarka. Kai ka ci gaba da shafawa, ni ina kankarewa, kowa ya ci abinci.”

Ya ce in dawo gida mu rufa wa juna asiri. Na tambaye shi ko da berni, ya ce da berni. Na ce to ya gaida Inna.

Yau mun shirya, muna zumunci, 'ya'yanmu suna kwana gidajen juna. Har yanzu ya fi ni ciniki nesa ba kusa ba, don ido ke sayen wuƙa, hannu sai an je gida yake faɗin nasa. Ban ce mai son ƙyalli ya yi laifi ba. Na dai san abin da hannuna ya gaya mini, kuma ban yarda a sa ni in ƙaryata shi don a zauna lafiya ba.

In na je Tanut na ji ƙarar guduma a kan ƙarfen babanmu, har gobe zuciyata takan yi nauyi, don ban sake ɗora ko ƙusa a kansa ba. Amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan, a sake cewa in shafa ko in fita, takalmina zan nema.