Fatar da Na Rantse Ba Za Ta Kama Ba

A farkon shekarun 1980 ni barunje ne a kasuwar Madawa, sana'ar da na gada daga ubana da kakana. Ban cika talatin ba, amma a mayanka an san ni da iya fiɗa. Nakan raba akuya da fatarta wuƙa ba ta huda ko'ina ba, har majema kan yi rububin fatun da suka fito daga hannuna. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san irin sanin da nake ganin na yi wa fata, don shi ya kai ni inda zan faɗa.

Ɗanmu na fari yana da shekara biyar lokacin. Wata ranar kasuwa ya biyo ni wurin tukuba, inda muke gasa nama, sanye da rigar nailan da na saya masa da salla. Ya matsa kusa da wuta ina ciniki, rigar ta kama. Kafin mu kashe ta ta cinye masa ƙirji da gefen ciki. Daga likitar gari aka tura mu wani asibiti na yankinmu inda ake yin tiyata. Muka tafi ni da mahaifiyata da matata. Aka yi makonni ana wanke ciwon ana ɗaurewa, yaron ya fara cin abinci, har yana tsokanar kakarsa wai in ya warke zai sake ta ya auri mai haƙora.

Wata safiya lokotoro, wato babban likita, ya kira ni, majo, babban ma'aikacin jinya, yana fassara. Ya ce ciwon ya yi faɗin da ba zai haɗe da kansa ba, kuma muddin yana buɗe ƙwayar cuta za ta samu ƙofa. Ya ce za su ɗebi fata daga cinyar yaron su shimfiɗa a ƙirjin, ta kama ta rayu a can. Ina jin haka sai na ga wuƙata, na ga akuya a rataye. Na ce wa majo ya gaya masa fatun da na feɗe sun fi majinyatan da ya taɓa gani yawa, kuma ban taɓa ganin wadda ta bar jiki da hantsi ta kai la'asar ba ta ƙandare ba. Majo ya yi murmushi, ya kira ni sarkin fawa, ya ce ai ni matacciyar akuya nake feɗewa, su kuwa da mai rai suke aiki. Ya ce abin da za a ɗiba bai fi ɓawon albasa kauri ba, cinyar ma za ta mayar da abinta. Na rantse ba za ta kama ba. Na ce yaro mai ciwo ɗaya ba zan bari a mai da shi mai ciwo biyu ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai ɗan wani manomi daga wajen Buza, wanda gobarar bukka ta ƙone wa baya. Shi uban ya yarda a yi. Na ji tausayinsa, har na ja shi gefe na ba shi shawara. Ya ce shi gero ya sani, bai san fata ba, ya bar wa Allah da masu aikin.

Matata kuwa, kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ta taɓa kiran sunan yaron ba, ba ta zama bakin gadonsa in da mutane. Kakarsa ke jinya, ita tana waje gindin itacen bedi tana dafa mana abinci. Da na ce a ɗaure kaya, ba ta dube ni ba. Sai ta fuskanci mahaifiyata, kanta a ƙasa, ta ce Inna, ko a ƙara haƙuri da mutanen nan saboda yaron. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ji ta sarai. Na san a bakin uwar ɗan fari wannan ’yar magana kuka ce da kururuwa, amma na yi kamar tun da ba ta nace ba ta yarda. Majo ya biyo mu har bakin ƙofa da tsakar rana yana haɗa ni da girman Allah. Ban waiwaya ba.

A gida muka sa zuma da man shanu da gashin zomo, yadda aka saba yi wa ƙuna. Kwanakin farko kamar abin zai yi. Sannan zazzaɓi ya shigo. Ni da na san warin naman da ya fara juyawa, ni na fara jin sa a ɗakin kafin kowa, na yi shiru saboda kar a ce na yi kuskure. Lokacin da na sauke girman kaina na ɗauke shi zuwa likita, aka ce ciwon ya riga ya shiga jini. Ya cika a cinyar kakarsa. Uwarsa ta shiga ɗaki ta rufe, ko a ranar ba ta yarda an ga hawayenta ba.

Bayan wasu shekaru, ana gab da babbar salla, wani mutum ya kawo rago kasuwa, da saurayi dogo yana ja masa igiya. Manomin nan ne na Buza. Ya gane ni, ya yi murna, ya tambaye ni ina abokin jinyarsu. Na gaya masa. Ya yi mini ta'aziyya. Sai na roƙi saurayin ya ɗaga rigarsa. Bayan nasa faci-faci ne, launin bai zama ɗaya ba, amma a rufe yake ruf. Na ɗora tafin hannuna. Fatar da ɗumi, tana motsi da numfashinsa. Na juya na bar wajen ban ko taya ragon ba.

Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma an miƙo mana sababi, ni na ture shi, kuma da abin da na fi iyawa na ture shi. Yau ina jin a rediyo ana dasa wa mutum ƙodar ɗan'uwansa ya tashi ya ci gaba da noma, ba na ƙara cewa ba zai yiwu ba. Wanda ya kai nasa asibiti aka gaya masa abin da bai taɓa ji ba, ya yi tambaya, ya nemi a nuna masa wanda aka yi wa, kar ya auna aikinsu da sana'arsa. In kuma uwar yaron ta yi magana ƙasa-ƙasa, a tsaya a saurare ta. Matata ta rasu shekarun baya ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa samun bakin roƙonta gafara ba. Ku sa su biyun a addu'a.