Duro Bakwai Daga Duro Biyar

Na san duk wanda ya san ni a Magajin Gari zai ce ai yaron nan in ya ga ƙadangare sai ya rantse kada ne ya biyo shi. Na yarda, ina ƙara gishiri. Amma wallahi wannan labarin ko barbaɗe ban yi masa ba, haka ya same ni.

Shekara biyu ke nan, da rani, muna hutun makaranta. Inna ta gaji da ni bayan na ɗaura wa zakaran maƙwabta gwangwani a ƙafa, sai ta tura ni wurin yayana, Yaya Sani, a wani wajen wankin gwal da ke bakin daji ta wajen Kakangi. Yaya ya karanta injiniyancin sinadarai a Zariya. Da yake ruwa a can sai an yi doguwar tafiya, ya haɗa injin da ke tace ruwan lakar da aka wanke ƙasa da shi, a sake amfani da shi. Farantai ne na ƙarfe guda ashirin a jere kamar yankan burodi, kowanne da ƙyalle mai kauri, ana matse su da wani sitiyari a ƙarshe. Famfo ya tura ruwan laka ciki, ruwa ya ratsa ƙyalle ya fito ta tiyo, lakar kuma ta maƙale ta zama abin da Yaya ke kira waina.

Aikina riƙe agogo da canza duro. Yaya ya koya mini lissafin har da ranƙwashi: wainar na ƙara kauri, ruwa na ƙara shan wahalar ratsa ta. In duro ɗaya ya cika a minti goma, biyu sai minti arba'in, uku sai casa'in. Doka kuma ɗaya ce. Akwai geji mai allura da ke nuna matsin da ke ciki, kuma ba a taɓa sitiyarin nan sai allurar ta kwanta a sifili. Ya ce lakar da ke cikin matsi in ta sami ƙofa, idon mutum take fara cirewa.

Wata ranar kasuwa ma'aikata duk sun tafi, daga ni sai Yaya sai Baba Tanko, wani tsohon mahaƙi da ke gadin wurin. Yaya ya sa sababbin ƙyallaye yana so ya gwada su, ya ce in ɗebo ƙasa baro uku a tulin da ke hayin rafi in dama da ruwa duro biyar a tanki. Hayin rafin nan kuwa, in ka tura baro can ka dawo, sai ka tarar an yi maka ƙane. Ga kuma wani tuli nan kusa, bayan rumfa, a bakin wani rami da aka kewaye da ƙaya. Na san labarinsa sarai. Ramin ya rufta da mutum biyu, an yi kwana huɗu ana haƙa ba a kai gare su ba, ɗayansu Isiyaku ne, abokin Yaya tun suna firamare. Mahaƙa ba sa taɓa ƙasar ramin da ya riƙe mutum, ko da gwal na ƙyalli a kanta. Ni kuwa na ce ƙasa ai ƙasa ce, ga shi zan samu abin cika baki in an koma makaranta. Na janye ƙaya, na cika baro sau uku.

Da hantsi muka tayar da janareto. Duro na farko minti goma cif. Na biyu ma minti goma. Yaya ya ce ko dai barci nake ko ƙarya, ya karɓe agogon ya riƙe da kansa. Na uku, minti goma. Ya ce to ƙyalle ne ya yage, amma da ya tara hannu a tiyo sai ya ga ba haka ba ne, don in ƙyalle ya yage ruwa jawur yake fitowa, wannan kuwa garau yake, ga sanyi kamar na randa, alhali rana ta gasa ƙarfen injin.

Na huɗu ya cika, na biyar ya cika, tankin da na dama ya ƙafe ƙaf. Yaya ya kashe janareto. Ruwa bai fasa zuba ba, allura kuma tana tsaye ƙyam inda take. Muna kallo na shida ya cika. Ko ni da na ci sifili a lissafi sau biyu na san ba a zuba biyar a kwashi shida.

Da ƙarar janareto ta ɗauke ne muka ji. Bugu uku daga cikin farantan, a tsaya, a sake uku. Baba Tanko ya tashi daga kan tabarmarsa a hankali, ya ce shi ya san bugun nan, haka wanda rami ya rufe yake buga dutse da guduma don masu haƙa su san inda yake.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya ce da ramin ya rufta da su Isiyaku haka suka yi ta ji kwana biyu, a na uku aka daina. Sai na ga ya nufi sitiyari ya kama da hannu biyu, fuskarsa daidai bakin farantan. Na ce masa ya dubi allura. Ko waiwayowa bai yi ba, ya murɗa, ƙarfe ya yi ƙara, wani siririn zaren laka ya fito da fito ya huda ledar rumfa a gefen kunnensa.

Ban san sanda na faɗa kan sitiyarin na ƙanƙame shi da ciki ba.

"Sauka," in ji Yaya. "Akwai mutum a ciki."

"Yaya, ba mutum, ƙasarsu ce. A bakin ramin su Isiyaku na ɗebo, ban je hayi ba."

Na runtse ido ina jiran mari, kuma na rantse da na yi murna da shi. Bai zo ba. Ya dai daina murɗa ƙarfen, bugun kuma na ji shi yana ratsa haƙarƙarina. Baba Tanko ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sani, ba buɗewa suke nema ba. Mayar musu da abinsu."

Muka haɗa tiyo biyu muka ja har bakin ramin, ruwan duro na bakwai da ya kusa cika ma muka juye a can. Baba Tanko ya tsuguna yana yi musu addu'a, mu muna amin, tawa amin ɗin har tsuntsayen daji sun ji ta. Ƙasa ta yi ta shanye ruwa ba ko taruwa. Wajen azahar tiyo ya tsaya, bugu ya ɗauke, allura ta kwanta.

Da Yaya ya buɗe, waina ta fito a bushe ƙamas. Goma sha tara lafiya lau. Ta ƙarshe, wadda ke jikin sitiyarin da na kwanta a kai, akwai sawun yatsu huɗu an ja su daga sama zuwa ƙasa, zurfinsu ya kai gaɓa guda. Ni na tura baro na mayar da ita duka, na gyara ƙayar da hannuna.

Yaya bai taɓa gaya wa Inna ba, kuma shafin ranar a littafinsa na gwaji har yau fari ne. Ni kuwa ko ƙwanƙwasa ƙofa aka yi sau uku sai na zabura na miƙe tsaye. Don haka in an aike ku hayi, ku je hayi. In kuma kun ga an kewaye wuri da ƙaya, ku bar shi yadda kuka same shi.