Ranar da Tormod ya kai Dolina tulin duwatsu

Tormod ɗan Ruari ya yi shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu a tsibirinmu na yammacin Sikotlan. Gidansa na jikin nawa. Shi ba mai magana ba ne, matarsa Dolina ce mai baki, kowa sai ta tsokane shi a ƙofar coci. Allah bai ba su haihuwa ba.

Can ƙarshen tsibirin, dab da teku, akwai tulin duwatsun da mutanen farko suka tara a kan matattunsu. Nan Tormod da Dolina suke haɗuwa da ƙuruciya, don uban Dolina ko inuwar Tormod ba ya son gani.

Da Dolina ta haura saba'in sai mantuwa ta kama ta. Daga barin tukunya a wuta, har ta kai tana tambayar Tormod wa ya ba shi izinin shiga ɗakinta. Wata Asabar ya roƙe ni in kai su tulin a motata, ko za ta tuna wani abu.

Inda hanya ta ƙare muka taka da ƙafa, iska na ture mu. Tana hango duwatsun ta saki hannunsa, ta gyara ɗankwali, ta zauna.

"Kin gane wurin?" Tormod ya tambaya.

"Yo ba zan gane ba? Baba, ku ɗan matsa can, wani nake jira."

"Wa?"

"Tormod mana, mai wasiƙa. Ɗan banza kullum sai ya makara, wai keke ya yi faci. Ƙarya yake, gashi yake tajewa." Ta yi dariya, ta rage murya. "Kada ku gaya wa babana."

"Ba zan gaya masa ba."

Ya matsa gefe. Ya zuba mata shayi daga flas, ta karɓa da godiya irin ta baƙo. Awa biyu tana kallon hanya, sai ta fashe da kuka.

"Bai zo ba. Bai taɓa ƙin zuwa ba."

Ya miƙa hannu, ta ture. Ni na riƙe ta har mota, yana biye da mu da hula a hannu.

Bayan wata biyu aka kai ta gidan kula da tsofaffi a babban gari, da sanyi ya shigo ta rasu. Tormod yana nan, yana kiwon tumakinsa shida. Sau ɗaya ya ɗauko mini zancen, muna gyaran shinge.

"Da na bar ta a gida," ya ce. Ya ci gaba da ɗaure waya.