Rijiyar Madam a Bukuru

Ni da yayana muka zo Jos daga ƙasar Damagaram ta Nijar, ba mu riƙe da komai sai diga da igiya. Haƙar rijiya muka gada. Muka kama ɗaki a Bukuru, ɓangaren Musulmi, domin lokacin garin ya riga ya rabu biyu. Hausawan wurin su ce mana 'yan Nijar, Kiristoci su ce mana aboki, soja a shinge ya ce mu fito da takarda. Ko'ina ka juya kai baƙo ne, sai ranar rikici. Ranar nan kam ba mai tambayarka ƙasarku, kowa ya riga ya san inda zai ajiye ka. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai har yau.

Yaya bai yarda da haka ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kai, faɗan nan ba namu ba ne. Mu ruwa muka zo nema wa mutane." Duk da haka, idan za mu tsallaka titi zuwa ɗaya ɓangaren, shi ke fara cire hularsa ya cusa a aljihu. In yi masa dariya, ya ce zafi yake ji. Zafi, a sanyin Jos!

Aikinmu mutum biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Na sama ba guga kaɗai yake ja ba. Rijiya idan ta yi zurfi iskarta mutuwa take yi, sai an ɗaure reshen mangwaro mai ganye a igiya ana zura shi ana fizgowa, iska ta sauka. Duk mahaƙi ya san wannan tun kafin ya iya riƙe diga. Wanda ba mahaƙi ba, ina zai sani?

Wata Inyamura mai shagon kayan masarufi ta ba mu aiki a bayan gidanta, can ɓangaren Kiristoci. Madam muke ce mata. Faɗa ne da ita kamar me, ta ƙirga mana buhunan siminti safe da yamma, amma da rana sai ga shinkafa a kwano, tana cewa, "Aboki, ka ci, babu alade a ciki."

Rijiyar ta yi nisa, har an fara ganin laima, ranar da abin ya tashi. Hantsi ne. Yaya yana ƙasa, ina sama. Na fara jin ihu daga wajen kasuwa, sai ƙarar bindiga, sai hayaƙi. Madam ta shigo da gudu ba ɗankwali.

"Aboki, sun zo! Yara suna bakin layi da adda!"

Na kama igiya zan jawo Yaya. Katangar gidan gajera ce, duk wanda ya leƙo zai ga mutum yana ja, kuma fito da babban mutum daga wannan zurfin ba aikin gaggawa ba ne. Yaya ya ji komai daga ƙasa. Ya ɗaga murya ya ce, "Bar ni nan! Rufe da kwanon rufi, ka bar mini kafar iska. Tafi ka ɓuya, don Allah."

Na jawo kwanon rufi na ɗora a bakin rijiyar, na tokare gefe ɗaya da dutse, na bar kafar da hannu zai shiga. Ban samu na ce wa Madam komai ba. Ta tura ni cikin sito, tsakanin buhunan shinkafa, ta datse ƙofa da kwaɗo ta waje.

Ta ramin ƙofa nake kallo. Ta tsaya ta dubi rijiyar, ta ga kwanon a karkace, duk wanda ya shigo zai gane yanzu aka rufe. Sai ta zare dutsen. Ta daidaita kwanon. Ta kwaso buhunan siminti tana nishi ta jera a kai, ta shimfiɗa leda, ta tara itacen girki a sama. Matar nan da ƙarfinta duka take ƙoƙarin ceton ɗan'uwana. Na buɗe baki zan yi ihu, sai ƙofar gida ta bugu, suka shigo.

Samari ne, wasu na san fuskarsu, sun sha wucewa suna gaishe mu. Suka ce ina abokanta. Ta riƙe ƙugu ta balbale su da masifa, ta ce ɓarayin sun gudu tun jiya sun bar mata aiki rabi. Suka leƙa ɗakuna. Ba su fita ba, suka zauna a ƙofar gida suna tsaron layi, ɗaya ma a kan itacen ya zauna yana shan taba. Idan na yi magana, ni da Yaya da Madam duka mun tafi. Na cusa bakin rigata a baki na cije. Ban taɓa jin tsoro da baƙin ciki irin na wannan wunin ba.

Sai bayan la'asar motar sojoji ta shigo layin, samarin suka watse. Madam ta buɗe mini sito, muka kwashe kayan da ke kan rijiyar. Ni na sauka da kaina. Na tarar da shi a zaune, ya jingina da bango, diga a kan cinyarsa. Jikinsa ba ko ƙwarzane.

Sojojin suka kai mu ɓangarenmu. A Bukuru muka binne shi washegari, ba halin kai gawa gida.

Da gari ya lafa Madam ta neme ni har bakin titi, iyakar inda za ta iya zuwa. Ta rame. Ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Aboki, na rufe shi da kyau, babu wanda ya gan shi. Me ya kashe shi?"

Na dube ta. Na ce, "Madam, dama yana da ciwon ƙirji tun daga gida. Ke kin yi iya ƙoƙarinki."