Ni Na Amsa A Madadinta

Malam Edita, ni karatuna a firamare ya tsaya, a yi haƙuri da rubutun. Lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina aikin rini a wata masaƙa a Kakuri. Gidan haya nake a Makera, da matata da yaranmu uku, duk maza. Muna cikin murnar dimokuraɗiyya aka rufe masaƙar, aka sallame mu. Na koma dako a kasuwa, yau a ɗora tukunya, gobe yara su sha ruwa su kwanta.

A wannan halin wani maƙwabcinmu bakanike, mutumin kudu, ya ba ni labarin wani tallafi da aka ce na gwamnati ne. Za a riƙa ba da shinkafa da mai, a ɗauki nauyin karatun yara, amma sai gidan da matar ta yarda aka ɗaure mata mahaifa. Ni kuwa na san abin da ke ran matata. Mahaifiyarta ta rasu lokacin da matata ke goyon autanmu, tun daga nan ba ta da buri sai ta haifi mace ta mayar da sunanta. Har wata atamfa da na kawo mata daga masaƙa ta ƙi ɗinkawa, ta ninke a ƙasan akwati, wai zanen goyon Inna ne, don da wannan sunan za ta riƙa kiran yarinyar. Duk da haka na ja ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko da yardarta ta zo. Matata ba ta musa wa miji a gaban baƙo, haka aka rene ta, sai ta sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar ta sake tambaya. Na yi caraf na ce kunya take ji, ai shirun mace yarda ne. Da wannan bakin nawa na faɗa.

Aka yi mata aikin. Shinkafar mun ci, ta ƙare. Aka canza masu kujera, tallafin ya bi ruwa. Ita ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba, da ma zagina ta yi na huta. Da matar bakaniken ta haifi mace, sai ga atamfar nan ta fito. Da jaririyar a baya matata take shara, da ita take wanke-wanke, tana kiranta Inna. Uwar takan tsokane ta cewa tunda ta ƙwace mata 'ya, to ta fara tara kayan ɗaki tun yanzu. Shekara da shekaru ban ji matata ta yi dariya irin ta wannan lokacin ba. Da suka tashi suka koma Gonin Gora, ta wanke zanen ta mayar akwati. Har yau yana nan. Ni ma in na ga 'yan mata suna dawowa daga Islamiyya, sai in tsinci kaina ina cewa da yanzu tamu ta kai tsawon waccan.

Ban ce kada a tsara iyali ba, in mata da miji sun yarda. Amma wanda ya ajiye buhu a gaban mai yunwa ya ce ya zaɓa, wallahi ba zaɓi ya ba shi ba, Allah zai tambaye shi. Sai dai su masu tallafin ba su san da Inna ba, ni na sani. 'Yan'uwana maza, duk tsananin yunwa, in matarka aka tambaya, ka rufe bakinka har sai ta ɗago kai.